Inna da 'yarta ta Japan

Bana shekara bakwai da rasuwar mahaifiyata, Inna Rakiya, amma har yau in an ambaci ƙwallon tebur a gidanmu na unguwar Madain Fahd a Jidda sai wani ya yi dariya.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta daina fita, ta rage magana, ga ciwon suga. Likita ya ce ta riƙa motsa jiki, ta ce ita ba akuya ba ce da za a kora kiwo. Wata rana rimot ya lalace, talabijin ya maƙale a tashar wasanni. Nan ta ga wata 'yar ficiciyar yarinya 'yar Japan tana lallasa manya a ƙwallon tebur. Sunan ya ƙi zama a bakinta, sai ta raɗa mata Ladidi.

Daga ranar gida ya farfaɗo. Inna kan tsaya gaban talabijin tana ihu, "Yalla Ladidi, ba ta hagu!" Ta sa muka tura teburin cin abinci tsakar falo, ta ɗaura tsohon mayafi a madadin raga. Maƙwabciyarmu Hajja Zainaba, mutuniyar Sudan, ita ce abokiyar karawarta. Ba a taɓa sanin wanda ya ci ba, domin kowacce ita ce alƙaliyar kanta.

Ranar da wata 'yar China ta doke Ladidi har ta sa ta kuka, Inna ta ce an daina amfani da kayan China a gidanta. Yayana Sani ya bi ɗakuna yana juya gindin kaya: tukunya, fanka, talabijin ɗin, har ƙwallon, duk na China ne. Sai Inna ta ce, "To, halas, shi ke nan. A bar su, amma kada a yaba musu."

Yanzu 'yata Hauwa tana buga wasan a makaranta, da raga ta gaske da koci. Da Inna na nan, na san sai ta je ta koya wa kocin aikinsa.

A ciwonta na ƙarshe ta kamo hannuna, na sunkuya ina jiran wasiyya. Ta ce, "Wai Ladidi ta yi aure kuwa?" Na ce ta yi, har ta ajiye wasa. Ta ce, "Ko goron gayyata. Yaran zamani!"

Ladidi ba ta san an yi wata Inna a Jidda ba. Mu dai mun san ta dawo mana da uwa mai faɗa da dariya har ƙarshen kwananta. Allah ya jiƙan Inna, ita kuma Ladidi ya raya mata zuri'a.