Majajjawar da Ba Ta Kashe Tsuntsu Ba

Da aka tura ɗana Sagir Japan kwas ɗin noman shinkafa, tsaraba biyu ya dawo mana da ita: wata tukunyar lantarki da uwarsa ta ƙi yarda da ita har yau, da son wani wasa wai shi besbol. Mutum ɗaya ne ke tsayawa a tsakiyar fili yana jifa da 'yar ƙwallo, wani na gabansa da gora yana jiran ya make ta. In ya make ta sai ya ruga, yana bin zango-zango har ya zagayo gida, an ci ke nan. In ya kuskure sau uku, ya koma ya zauna. Sagir ya shafa wa abokansa wannan ciwo, har sun kai su shida da ke taruwa a dakalin ƙofar gidana a Kiru duk Asabar, su sa waya ɗaya a tsakiya, su yi ta musu a kan mutanen da ba su san da garin Kiru a duniya ba.

Asabar ɗin da ta wuce musun ya yi zafi. A kan masu jifa biyu ne. Nura, abokin Sagir, ya kafe a kan nasa gwanin.

"Kai, ka ga hannu kuwa? Jifa kamar harsashi! Mutum nawa ya zaunar, ko ganin ƙwallon ba su yi ba!"

"Amma an ci su uku," in ji Sagir. "Nawa gwanin fa? Mutum ashirin da bakwai suka fito masa, ba wanda ya taka ko zangon farko."

"Wannan ai wasan barci ne. Awa uku ina kallo, ba abin da ya faru!"

Ina kan kujerata ina jan carbi, ban san kan wasan ba balle gindinsa. Amma da Nura ya ce ba abin da ya faru, sai na ji ƙanshin tumu a hancina, na koma ƙauyenmu na wajen Burumburum, ina ɗan shekara goma.

Kakarmu Inna Kande, mahaifiyar Baba, ita ke da rumfar da ke ƙuryar gidan. A ƙarshen damina ba ta kashe murhunta bayan tuwon dare, sai ta ƙara ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, ta jera sabbin zangarniyoyin gero a kan garwashi tana juyawa. Mu jikoki mu kewaye ta, rabin hankalinmu a kan tumun, rabi a kan bakinta. Ni take kira maigidanta, ta ce duk cikin mazanta ni ne mafi rowa, ko goro ban taɓa kai mata ba. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta dubi ƙofa ta ce, "Ga baƙuwa nan tafe." Mu kuma mu haɗa baki, "A shimfiɗa mata tabarma!"

A shekarar ne Baba ya raba mana tsaron tsuntsu, ni da yayana Haladu. Da zarar gero ya zubar da bununi ya fara ido, jan-baki ke zuwa garke-garke, in aka yi sake su bar mutum da kara. Haladu aka ba gefen gabas, ni gefen yamma, kusa da wata ɗorawa. Shi danƙo ke gare shi. Ni kuwa Baba ya damƙa mini majajjawar kakanmu, ta fata, wadda ta sha hannu har ta yi baƙi. Ranar da aka ba ni ita, da ita na kwana.

Haladu gwanin harbi ne, ba zan ɗauke masa wannan ba. Kullum da yamma yakan shigo gida da tsuntsaye a sarƙe a igiya, yara na binsa, a fige a gasa, kowa ya sami ɗan ƙashin tsotsa. Ni kuwa sai in shigo hannu rabbana, kafaɗa na ciwo, murya ta dushe. Na lura tsuntsayen ba sa faɗa wa gona kai tsaye, sai sun fara taruwa a kan ɗorawar. Sai na riƙa cura laka ina shanyawa, da na ga sun fara sauka a reshe in sakar musu. Ƙarar majajjawar kaɗai ta isa ta tashe su. Ban taɓa samun ko ɗaya ba, don ban taɓa bari sun zauna ba.

Rannan da magariba Baba ya dubi igiyar Haladu, ya dubi hannuna.

"Kwana goma sha, ko gashin tsuntsu ban gani ba. Barci kake zuwa yi ko wasa? Gobe ka ba yayanka majajjawar, ka bi yara kiwon awaki."

Ba a mayar wa Baba magana. Amma daren nan ko tuwo ban taɓa ba. Kiwon awaki na 'yan shekara shida ne, kuma duk ƙauyen za a san dalili.

Inna ta ji komai daga rumfarta. Sai dai Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta kira shi ta ce ya yi kuskure. In maganarsa ta kama, "wancan" take cewa. Shi ma in ya zo gaishe ta bayan isha'i, a bayan zana yake tsugunawa, su gaisa a taƙaice. Daren nan ta jira har ta ji takunsa, ta amsa gaisuwarsa, kafin ya miƙe ta ce, "Ga baƙuwa nan tafe," da muryar da ta fi ta kullum ƙarfi.

Wai a wani gari an yi wata tsohuwa mai gonaki biyu, ta ɗauki masu tsaro biyu. Na farko maharbi ne, ba ya kuskure. Yakan laɓe cikin gero ya bar tsuntsaye su sauka su saki jiki, sannan ya zaɓi mai ƙiba ya harbo. Kullum da cikakkiyar jaka yake komawa, har makaɗa suka sa shi a waƙa. Na biyu kuwa tun asuba yake tsaye yana jifa yana ihu, ya koma gida ba ko fiffike. Mutanen gari suka sa masa suna Jifar Iska, tsohuwa ta fara tunanin sallamarsa.

Sai sarkin jan-baki ya tara jama'arsa a kan wata bishiya, ya ce a ba shi labarin gonakin nan biyu. A nan Inna ta matse hanci ta yi muryar tsuntsu, mu kuwa muka fashe da dariya, ban da ni.

"Ranka ya daɗe, maharbin nan mutumin kirki ne, mai masaukinmu ne. Mu je mu dubu, ya ɗauki goma, saura mu ci mu ƙoshi har mu yi wa yara guzuri. Amma wancan mugun, Allah ya isa tsakaninmu da shi! Bai taɓa kashe kowa ba, bai kuma taɓa bari mun ɗanɗana ko ƙwaya ɗaya ba."

Da aka yi girbi, rumbun Jifar Iska ya cika har aka ɗinka buhuna. Gonar maharbi kuwa dami uku aka ɗaure, su ma rabi ƙaiƙayi. Inna ta zaro tumu daga wuta, ta murje a tafin hannu, ta hure, ta zuba mini a nawa ba ta dube ni ba.

"In kana son sanin gwanin tsaro, kada ka tambayi masu cin gashi. Ka tambayi tsuntsu wa yake tsoro. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, wanda ya ji ya riƙe."

Sai a lokacin muka ji takun Baba yana barin bayan zana.

Washegari bayan sallar asuba ya ce in biyo shi. Na ɗauko majajjawar don in miƙa, ya ce in riƙe tukuna. Muka fara da gefen gabas. Yana tafe yana lanƙwaso zangarniya yana shafawa da babban yatsa, kusan kowace an tsattsage ta daga sama, wasu saura soshiya kawai. Muka tsallaka gefen yamma, ya shafa ta farko, ta biyu, ya shiga can ciki har na daina ganinsa sai motsin kara. Ya daɗe. Da ya fito yana riƙe da zangarniya ɗaya doguwa, cike tam, ba inda baki ya taɓa.

"Ungo, kai wa Inna," ya ce. "Ka dawo da wuri, rana na fitowa za su taru a ɗorawar nan."

Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma na ruga da shi gida kamar an ba ni doki. Inna ta karɓa ta juya ta, ta ce, "Yau dai maigida ya yi cefane." Haladu aka ce ya ajiye danƙo ya koyi ihu. Yana nan da ransa, kuma har gobe in aka tayar da zancen cewa yake ai mu ma mun ci naman.

Na girma na zama direba, na yi shekara talatin da 'yan kai ina jigilar mutane daga Kwanar Dangora zuwa Kano da Zariya, wani lokaci har Riruwai. A tasha, direban da ake kewayewa shi ne mai labari: wanda tayarsa ta fashe yana tsala gudu ya riƙe sitiyari, wanda ya faɗa rami ya fito da ƙafarsa. Ni ba ni da ko ɗaya. Ina duba taya da birki kafin in ɗau fasinja, in na ji barci in tsaya, in mai gaggawa ya dame ni in ce ya sauka ya hau ta gaba. Suna kirana Na-Baya. Ba zan ɓoye ba, abin ya sha yi mini ciwo, musamman in ana hira aka zo kaina sai a tsallake. A irin ranakun nan muryar tsuntsun Inna nake tunawa, in yi dariya ni kaɗai in tada mota.

Shi ya sa ranar Asabar na ajiye carbi na ce Sagir ya miƙo wayar.

"Baba, kai ma ka fara?"

"Ba mai jifan nake son gani ba. Nuna mini masu gorar, lokacin da suke komawa."

Ya mayar da hoton baya. Ga su nan ɗaya bayan ɗaya, ƙarti majiya ƙarfi, kowa na jan gora a ƙasa yana girgiza kai. Na ƙarshen ya zauna ya rufe fuska da hula. Na miƙa wa Nura.

"Ɗana, ka ce ba abin da ya faru. Tambayi waɗannan."

Nura ya kalla ya sosa ƙeya, sauran suka sa masa dariya. Ni kuwa sai na ji ƙirjina ya cika da alfahari da mai jifan nan, wani bawan Allah da ban iya ko faɗin sunansa ba, kamar tare muka yi tsaron gefen yamma. Sagir ya karɓi wayarsa, ya tsaya yana dubana.

"Baba, kai duk shekarun nan da ka yi a hanya, mutum nawa ka ɗauka?"

"Ban ƙirga ba," na ce. "Amma duk wanda ya hau, da ƙafarsa ya sauka."