Malam Labaran Mai Jirage da Hoton Oga Livinus

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Labaran a garin Jos a shekarar 1949, a unguwar da yanzu ake kira Congo-Russia. Mahaifinsa, Malam Mahdi, mutumin Kazaure ne da haƙar kuza ta kawo shi, sunan mahaifiyarsa kuma Talatu. Ya yi karatun allo, ya shiga firamare, amma bai wuce aji huɗu ba.

Koyon Sana'a

A shekarar 1963 aka kai shi koyon ɗaukar hoto wajen maƙwabcinsu, Oga Livinus, wani Inyamuri mai shago a bakin titi. Akwai wani labule a shagon da aka zana jirgin sama a jikinsa, domin al'adar lokacin ita ce alhazan da suka dawo da samarin da ba su taɓa zuwa ko Kano ba su tsaya a gabansa a ɗauke su.

Da rikicin 1966 ya taso, uwargidan Livinus, Ulonma, ta bi jirgin ƙasa zuwa gabas da jaririyarsu Felicitas. Shi kuwa Livinus, Malam Mahdi ya ɓoye shi a ɗakinsa, daga baya ya sa shi a wata motar kuza mai zuwa kudu. An ƙone shagon da labulen. Livinus bai isa wajen iyalinsa ba.

Zargi

Bayan yaƙin basasa, a shekarar 1971, Ulonma ta komo Jos ta buɗe shagon yadi a Tina Junction, kuma abin da ta riƙe shi ne mijinta bai fita gidan Malam Mahdi da rai ba. Maganar ta bazu, har wasu suka daina saye a hannun tsohon, wanda a lokacin ya koma tireda. A shekarar ce wani direban soja ɗan unguwar ya kawo hoton da ya tsinta a wani kangon shago a can gabas, ga Livinus ya rame, yana tsaye kusa da wani ƙaramin jirgi, ba kwanan wata, ba a ganin komai na jirgin sai rabin fiffike da taya guda da gefen gilashi. Da aka kai wa Ulonma, kallo ɗaya ta yi ta ce, “Wannan ai labulen shagonmu ne. Ku je.” Kowa ya gaskata ta, don kowa ya taɓa tsayawa gaban labulen nan. Labaran kaɗai ya san jirgin labulen farfela biyu gare shi, ɗaya a kowane fiffike, na hoton kuwa fiffikensa ba farfela, to amma shaidar ɗa ba ta wanke uba. Malam Mahdi ya rasu a 1983 da wannan zargi a kansa.

Aure da Iyali

Malam Labaran ya auri Malama Salma a shekarar 1974, Allah ya azurta su da 'ya'ya. Sana'arsa ita ce sa wa hotuna firam, kuma da ita ya ciyar da gidansa.

Neman Jirgin

Ya ƙudurta cewa in har ya gano irin jirgin da shekarar zuwansa ƙasar nan, ya wanke mahaifinsa. Ya dinga bin masu dafa abinci a gidajen Turawa na unguwar Rayfield yana karɓar tsofaffin mujallu, yana yanke duk jirgin da ya gani. Tun da Turancinsa bai taka kara ya karya ba, da ido ya koya: inda fiffike ya kama jiki, yadda wutsiya ta tsaya, da zaman tayoyi. A hankali ya shahara, har tsofaffin sojoji da 'yan makaranta suna kawo masa hotunan jirage ya faɗa musu irinsu. Abokan majalisa kan tsokane shi da cewa, “Matuƙi, yaushe za mu tashi?” Yakan ce su fara biyan kuɗin mota tukuna.

A rikicin 2001 da na 2008 ya bar gida da iyalinsa, hoton yana aljihun gaba. Bayan haka unguwanni suka rabu, zuwa wasu wurare sai da tunani. A 2016 yanar ido ta fara rufe masa gani, ga labari kuma yana zuwa cewa Ulonma ta tsufa har ta kwanta, shi kuwa bai ga jirgin ba.

Ganowa

A watan Maris na 2018 wani dattijo daga Rayfield ya kawo shafin wata tsohuwar mujalla a sa masa firam. Da gilashin ƙara girma da ragowar ido ɗaya, Malam Labaran ya ga fiffiken da ya kama kafaɗar jirgi ya ɗan karkata gaba, da sandar da ta tokare shi, irin na hotonsa sak. Dattijon ya karanta masa cewa ƙaramin jirgin koyon tuƙi ne ƙirar Sweden, wanda sai a 1969 aka kawo shi gabas aka yi yaƙi da shi.

An hana shi zuwa, aka ce unguwar da Ulonma take ba ta shiguwa ga irinsa a kwanakin. Ya dai sa 'yarsa Fiddausi ta ja shi har can. Felicitas ta tare ƙofa na ɗan lokaci kafin ta kauce. Aka jera wa tsohuwar hotunan biyu a kan gado, ya bi da yatsa yana nuna mata. Can ta ce, “Ashe shekara uku yana raye, ni ina can ina kukan mutuwarsa.” Sai ta juya ta ce, “Ɗan Baba Mahdi, zauna a kawo maka ruwa.” Rabonta da ambaton sunan nan tun 1971. Bayan wata biyu ta rasu.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Malam Labaran rasuwa ranar wata Laraba a watan Yuli na 2022, bayan gajeriyar jinya. An yi masa salla a ƙofar gidansa bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar da mahaifinsa yake. Felicitas ta zauna cikin mata har aka yi addu'ar uku, kuma duk wadda ta tambaye ta dangantaka, takan ce babansa ne ya fitar da babanta.

Ya bar matarsa Salma da 'ya'ya huɗu: Fiddausi, Ashraf, Talatu da ake kira Ummi, da autansa Mahdi. Allah ya jiƙansa, ya sada shi da mahaifinsa cikin rahama.