Ƙofar da ta hana motata shiga

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Small Heath inda nake zaune, ni da abokina da ya sauko daga Manchester don mu riƙa karɓa-karɓar tuƙi. Injin kwaɓa fulawa za mu ɗauko a wani ƙauyen Faransa, dab da iyakar Beljiyam. Na yi wa wata hajiya a unguwar Erdington alkawarinsa, kuma ranar Litinin za ta buɗe gidan burodinta, har ta gayyaci jama'a.

Hanya dai gajiya ce zalla. Cunkoso kafin tashar jirgin ruwa ta Dover, sanwici mai sanyi da tsadar tsiya a jirgin ruwa, sannan tuƙi a hannun dama wanda na daɗe da mantawa.

Da la'asar muka isa. Ƙauyen yana kan tudu, ganuwar dutse ta kewaye shi, ƙofa ɗaya tak. Na sa an auna mini injin, na auna bayan motata, amma ban taɓa tunanin ƙofar gari ba. Muka naɗe madubai, motar ta ƙi shiga.

Tsohuwar da za ta sayar mana da injin ta sauko ta same mu. Ta manhajar fassara ta yi mana bayani: a zamanin takobi da kibiya, sarakunan ɓangarorin biyu sun yi ta ƙwace ƙauyen daga hannun juna, shi ya sa aka matse ƙofar don mahaya su shigo ɗaya-ɗaya. An ƙone garin, an sake ginawa, ƙofar ba ta canza ba.

"Alhaji, ka ji dai," in ji abokina. "Runduna ma layi take bi, balle kai da motar kaya."

Maƙwabtanta uku suka kawo baro. Muka gangaro da injin a kan duwatsun titi, ni a ƙasa ina tokare shi da kafaɗa, ina salati. Tsohuwar ta ba mu burodi da cuku. Jirgin ranar ya wuce mu, sai na washegari muka samu.

Ranar Lahadi na sauke wa Hajiya injinta. Ta tambaye ni yaya Faransa, na ce ƙofa kawai na gani.

Shekara ashirin ina auna kaya, yanzu na koyi tambayar hanyar da za su fito. Ina jinyar kafaɗa na tuna ƙofar unguwarmu a Kano. Mu faɗaɗa tamu muka yi don mota ta wuce. Su kuwa sun bar tasu, ni na ɗauki kayan.