Gawon Ƙofar Gidanmu

Unguwarmu, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur, ba ta da abin nuna wa baƙo sai itatuwa. Akwai durumi a bakin masallaci, da tsamiya biyu a hanyar rijiya, da ɗorawa jere har bakin gonaki. Amma ni duk cikinsu babu wanda nake so kamar gawon ƙofar gidanmu. Gawo dai ice ne mai taurin kai. Da damina, lokacin da kowa ke kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. Sai rani ya kama, ciyawa ta ƙone, sannan ya rufe da ganye shar, har ka ji sanyi a ido kafin ka shiga inuwar.

Mahaifina masaƙi ne, kuma lokacinsu ɗaya da gawon. Da damina yana gona, da rani ya dawo gindinsa ya kafa kayan saƙa, ya miƙa zarensa can gaba ya ɗaura a kunkuru, wato abin da ake aza wa dutse don zaren ya tsaya a miƙe. Irin wannan saƙar ba ta shiga ɗaki, tana son fili mai tsawo da haske da inuwa. A duk unguwar nan kaɗai ukun suka haɗu.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, sa'ad da auduga ke tashe, ɗan wan mahaifina, wanda muke kira Yaya, ya dawo. An tafi da shi Ikko tun yana goye, ya yi boko, yanzu ya zama akawu a wani wurin gurzar auduga a Funtua. Ya gina ɗaki biyu na kwano a kangon ubansa, jikin gidanmu. Mutum ne mai agogo, yana duba shi ko gaisuwa ake yi. Nan da nan dattawan unguwa suka mai da shi malaminsu. In ya yi tari sai ka ji an ce, “Gaskiya ne, Malam.”

Ana tsakiyar damina ya zo duba gininsa, Baba kuwa ya tafi Maska gaisuwar mutuwa. Yaya ya ɗaga kai ya dubi gawon, ya ga rassa ba ko ganye ɗaya.

“Wannan mataccen icen me yake jira? Sai ya faɗo mini a kan kwano?”

Mutum goma sha wani abu ne a wurin, kowannensu a gindin gawo aka yaye shi. Akwai wanda awakinsa suka yi ƙiba da 'ya'yan wannan icen. Aka rasa mai buɗe baki. Wani tsoho ma, mai furfura har a gira, ya ƙanƙance ido ya dubi sama ya ce, “Lallai kam ya bushe.” Har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci.

Aka aika a kira wani Bamaguje da ke sarar ice a bayan gari. Ya zo da gatarinsa a kafaɗa, ya kewaya icen sau ɗaya.

“Malam, ai gawo ne. Lafiyarshi lau. Bari a yi girbi ka gani.”

Yaya ya yi dariya, dattawa suka taya shi. Mutumin ya saɓa gatarinsa ya kama hanya.

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, to wannan uzurin na Yaya ne, shi kaɗai. Ni ina da shekara ashirin da biyu, na san gawo kamar yunwar cikina. Amma wata uku ina bin sa ya samo mini aikin awon auduga a Funtua, ga shi ya juyo ya dube ni.

“Kai ba ka da gatari ne?”

Ina da shi. Sara ɗaya na yi na ga cikin icen ɗanye jagab. Kowa ya gani. Muka yi kwana biyu muna karɓa-karɓa kafin ya kwanta, masu cewa ya bushe suka kwashi rassa suka jingine a bayan ɗaki, don sun san ba za su ci wuta ba sai an jima.

Da Baba ya dawo ya daɗe tsaye a kan kututturen. Bai nemi Yaya ba. Ya ce yaron baƙo ne, ba shi da laifi.

Bayan girbi ya gwada kafa saƙa a gindin durumi, masu salla suna tsallake zaren. Ya koma zaure, tsawon bai isa ba, idonsa kuma ba ya ganin zare a duhu. Kafin ranin ya raba ya naɗe kayan ya ɗora a kan rumbu.

Ni na riƙe masa tsani ranar. Yana saukowa, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “Shi dai a Ikko ya tashi. Kai fa, a ina na rene ka?”