Kwalbar da Ta Sa Na Makara

Inna tana sayar da soyayyiyar gyaɗa a tsofaffin kwalaben wiski. Maƙwabcinmu Kirista, tsohon malamin makaranta, shi ke tara mana su. Wata Asabar ta aike ni in karɓo ɗaya kafin in wuce Islamiyya, sai na tarar da sauran wiski kaɗan a ciki, dole in jira ya shanye.

Ya ce, "Zauna, 'yata. Wannan daga ƙasar Sikotlan take, a gangar giyar inabi ta ƙarasa nuna. Ba a yi mata gaggawa."

Ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido, wai yana jin dabino da zabibi. Kunya ta hana ni cewa zan makara. Na sha bulala biyu a Islamiyya, na kuma kasa faɗa wa Malam dalili.