Shahon da Ban Ɗauka Ba

Shekarar da aka yi gasar ƙwallon duniya a nan Doha, a ita na fara koyon karatun boko, a ita kuma na sayi tsohuwar kyamara. Gadi nake yi a Sana'iyya, unguwar masana'antu. Duk watan Oktoba shahuna kan bi gaɓar teku su nufi kudu, ni kuwa shekara uku ina ganinsu daga nesa.

Sana'iyya

Ranar Juma'a, hutuna, ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka tashi a motar Awudu, direba ɗan Kumasi, abokin ɗakina.

"Yalla, Malam Sule! Tsuntsun ba ya jiran ɗan makaranta."

A garin Alhor muka sha shayin karak da burodi, riyal biyu-biyu.

Zahira

Ƙarfe shida da rabi muka isa Zahira, bayan tafiyar kilomita saba'in. Muka bar kwalta muka bi yashi har bakin ruwa. Nan Awudu ya buɗe but ɗin mota ya fito da tattabara, an ɗaura mata zarge-zargen nailan a baya. In shaho ya kai mata sura, ƙafarsa ta maƙale.

"Wannan fa?"

"Kai ka ɗauki hoto, ni in ɗauki mai hoton. Akwai Balaraben da ke jira ya saya."

"Ba da ni ba."

"To rufe ido."

Ya sake ta da dogon zare. Muka zauna awa biyu. Ƙarfe tara saura sai ga shaho daga arewa, ƙasa-ƙasa, har ina ganin zanen ƙirjinsa a cikin kyamara. Ya naɗe fiffike zai faɗo. Yatsana na kan maɓalli. Na saki kyamarar, na tuɓe riga, na ruga cikin taɓo ina kaɗa ta ina ihu kamar mai korar tsuntsayen buwa a gonar gero. Shaho ya yi sama, ya miƙe kudu.

Awudu ya tattare tattabararsa. "Halas! Tunda ɗan'uwanka ne, ya kai ka gida." Ya tayar da mota, ya tafi ya bar ni.

Komawa

Kilomita shida na taka kafin titi. Wani mai motar kifi, ɗan Indiya, ya ɗauke ni. Allah ya saka masa. Da la'asar na shiga Sana'iyya. Mutanen ɗaki suka ce in ba Awudu haƙuri. Na ce ban yi laifi ba.

Abin da na rasa: sallar Juma'a ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya, gilashin kyamara da yashi ya shiga, hoto ɗaya, da gaisuwar Awudu har yau.