Ranar da Aka Kai Littafin Baduku Shagon Laminetin

Abubuwa da yawa sun same ni a wurin aiki na manta da su, amma abin da ya sami littafin wani dattijo baduku na unguwar Gwallaga ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi. Shekaru sun shuɗe, amma yanzun ma da na zauna rubuta labarin sai da na ajiye biro na ja tsaki.

A lokacin ina aiki a laburaren wata jami'a, a sashen tsofaffin littattafai da takardun tarihi. Ɗaki ne guda a can ƙurya, wanda ɗalibai ba sa shigowa sai in sun ɓata hanya. An ajiye ni a wurin ne don na iya karanta ajami, abin da na koya a gaban mahaifina tun ina 'yar yarinya. Ina son aikin ƙwarai, ko da yake 'yan ofis na ganin kamar horo aka yi mini.

Wata rana aka ce manyan baƙi za su ziyarci jami'ar, don haka laburare ya fito da mafi kyawun kayansa a baje. Aka naɗa kwamiti, aka ba mataimakin shugaban laburaren jagoranci. Kada in ɗauki alhakinsa, mutumin kirki ne, ba ya zagi ba ya tsangwama. Matsalarsa ɗaya, yana son abu ya yi ƙyalli. Teburinsa ma kana iya ganin fuskarka a kai. Muka zaɓo wani Alƙur'ani rubutun hannu mai ado da jar tawada, da taswirar tsohon gari da aka zana da hannu, da wasiƙun zamanin Turawa, da hotunan kasuwa tun tana rumfunan ciyawa, da littattafan koyon boko na farko-farko. Amma abin da na fi alfahari da shi ba namu ba ne. Littafin badukun nan ne.

Kakansa ne ya rubuta shi da Hausar ajami, labarin tafiyarsa Makka a ƙafa, garuruwan da ya yada zango, sana'o'in da ya yi a hanya don ya ci abinci, da abokan tafiyar da ya binne. Takardu ne warwatse, ba a ɗinke ba, cikin wata tsohuwar gafaka ta fata. Ba su da lambar shafi. Yadda mutanen da ke yi shi ne, a ƙasan kowace takarda sai su rubuta kalmar da takarda ta gaba za ta fara da ita, da ita ake gane jeri. A gefe-gefe kuma akwai ƙananan rubuce-rubuce na mahaifin dattijon.

Kusan wata biyar ina zarya zuwa rumfarsa kafin ya yarda. In je in zauna a benci yana ɗinkin takalmi, mu yi hira, in tashi hannu rabbana. Ranar da ya miƙo mini gafakar bai sake ta nan da nan ba.

Ya ce, "'Yata, aro ne fa. Kuma ke na sani, ban san jami'a ba."

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda hannun kowa ba zai taɓa shi ba sai nawa."

Saura kwana uku baƙi su zo, mataimakin ya shigo duba kayan da na jera. Ya tsaya a kan littafin, ya ɗan yatsine fuska. Ya ce, "Malama, waɗannan sun ji jiki da yawa. Dubi bakinsu duk ya cinye. Sai an ɗan gyara su kafin baƙi su gani."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Wannan "to" ɗin ce nake cizon yatsa a kanta har yau. Na ji maganar ta tsaya mini a rai, amma na ce da kaina ai shimfiɗar da ke ƙarƙashinsu yake nufi, ko gilashin akwatin. Gaskiyar magana kuwa, nauyin tambayarsa na ji. An koya mana cewa babba in ya yi magana ba a ce masa "me kake nufi?"

Washegari na biya da 'yata asibiti saboda zazzaɓi, ban iso ofis ba sai wajen sha ɗaya. Ina shiga na ga kabad a buɗe, gafaka a kan tebur, ba komai a ciki. Na manta cewa akwai makulli na biyu a ofishin mataimakin. Ban san lokacin da na haura bene ba. Na same shi yana shan shayi, fuskarsa cike da fara'a.

Ya ce, "Yauwa Malama, na hutar da ke. Na ba direba ya kai su a yi musu laminetin. Da azahar za ki gan su kamar sababbi."

Wanda bai sani ba, laminetin leda ce ake narkarwa da zafi ta manne da takarda. Ga takardar shaidar kammala makaranta ba laifi. Ga takardar da ta haura shekara ɗari, mai tawadar gargajiya, in ta shiga ta shiga ke nan, duk wanda ya ce zai ɓare ledar da rubutun zai ɓaro.

Na ce, "Yallaɓai, wane shago?"

Ya ce, "Can wajen kasuwar Muda Lawal, inda muke yin katin ma'aikata. Lafiya dai?"

Na fita da gudu, mayafina a hannu, na tari keke a bakin ƙofa. Na kira direban, waya a kashe. Ranar kuwa sai ka ce duk motocin hatsin ƙasar nan sun yi alkawarin haɗuwa a bakin kasuwa. Wata babbar mota ta gitta titi ana sauke buhunan masara, mai kekena kuma ya kashe inji ya soma ba ni labarin tsadar mai. Na sauka na ƙarasa a ƙafa, ina bangaje mutane ina ba su haƙuri.

Mai shagon wata mata ce, matar soja daga barikin Shadawanka, mai fara'a, Hausarta irin ta barikin nan. Na same ta zaune tana fifita da kwali, shagon duhu. A kan tebur ga takardun baduku. Goma sha huɗu sun riga sun shiga leda, suna ta sheƙi. Sauran an baje su ko'ina, wasu a kife, wasu a kan injin fotokofi, an danne wasu da kwalbar lemo.

Ta ce, "Madam, ka yi haƙuri, da na gama tun tuni. Wuta ne suka ɗauke."

A rayuwata ranar ce kaɗai na sa wa masu ɗauke wuta albarka.

Na ɗaga guda ɗaya daga cikin na ledar, sai na ga abin da ya fi ledar muni. Gefenta a miƙe sar, kamar takardar da aka sayo yau. Ba kalmar ƙasa, ba rubutun gefe.

Na ce, "Ina bakin takardun?"

Ta ce, "Oga ya ce a gyara shi ya yi kyau. Bakin duka ya yage, na sa almakashi na daidaita." Ta nuna kwandon shara.

Na durƙusa a gaban kwandon nan da kayan ofis a jikina, ina tsince siraran takardu daga cikin ɓawon gyaɗa da ledar ruwa. Da matar ta ga hawaye a idona, sai ta sauko ta taya ni, tana cewa wallahi ba ta san rubutu ba ne, ta ɗauka datti ne. Ban ga laifinta ba. Aikin da aka ba ta ta yi, kuma ta yi shi da kyau, abin takaicin ke nan. Ta ba ni ambulan na zuba guntayen, na tattara sauran takardun na rungume su a ƙirji har jami'a.

Na shimfiɗa su a teburin mataimakin, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ɗauki ɗaya daga cikin na ledar ya juya ta a haske. Ya ce, "Amma Malama, ai yanzu ko ruwa aka zuba ba abin da zai same ta."

Na ce, "Yallaɓai, shekara ɗari tana gidansu ruwa bai same ta ba. Kwana ashirin ta yi a wurinmu."

Daga nan ya ce to abin da ya faru ya faru, a saka waɗanda ba a taɓa ba a gilashi, a ɓoye na ledar, kada a gaya wa mai littafin komai sai baƙi sun tafi. Wannan karon ban ce "to" ba. Na ce masa ni aka ba amana, kuma yau zan mayar. Na kwashi komai na fita.

Bayan la'asar na isa Gwallaga. Dattijon na zaune a rumfarsa yana yankan fata. Da ya ga gafakar a hannuna da irin fuskar da na zo da ita, sai ya ajiye wuƙa. Na tsuguna na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya karɓi takardar leda ɗaya, ya shafa ta da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa da farce, ta yi ƙara kamar faranti. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Ke kina ina?"

Na ce, "Na kai yarinya asibiti, Baba."

"Allah ya ba ta lafiya. Kafin nan fa? Ba wanda ya ce zai taɓa shi?"

Na sunkuyar da kai na ce an faɗi wata magana, ban tambaya ba.

Ya ce, "Uhm."

Sai ya buɗe ambulan ya zazzage guntayen a kan fatar da ke gabansa. Ya sa tabarau, ya yi ta juya su da tsinken ɗinki, har ya tsaya a kan wani siriri, tsawon ɗan yatsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce nan ne mahaifinsa ya rubuta ranar da aka haife shi da sunan da aka raɗa masa. Rabin layin na jikin guntun, rabin kuma almakashi ya bar shi cikin leda. Ya ce duk duniya nan kaɗai aka rubuta haihuwarsa.

Maƙwabcinsa tela ya leƙo ya ji abin da ake ciki, kuma kafin magariba labari ya zaga unguwa. Gidaje biyu da suka yi mini alkawarin kawo nasu littattafan suka aiko cewa sun fasa. Ɗaya ma cewa ya yi in na sake zuwa a ce ba ya nan.

Bajekolin dai an yi shi, an kuma yaba. Baƙi suka tsaya a gaban Alƙur'anin nan suna ɗaukar hoto, mataimakin na yi musu jawabi a kan yadda muke kula da kayan tarihi. Ina tsaye a baya ina haɗiye abin da ke bakina. Bayan mako guda aka rubuto wa kwamiti takardar yabo. Ni kuma aka rubuto mini takardar tuhuma: in bayyana dalilin da ya sa na bar ofis sau biyu a rana ɗaya ba da izini ba, da kuma dalilin fitar da kaya daga laburare ba da sa hannu ba. Na karanta ta sau uku, na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, don in ban yi dariya ba ihu zan yi. Na rubuta amsa shafi huɗu. Har na bar wurin ba wanda ya ce mini ya karanta.

Littafin bai sake taka jami'a ba. Amma bayan kamar wata guda dattijon ya aiko in je. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu sosai, ni kuma ban san labarin ba, shi kuwa ya sha ji a bakin mahaifinsa. Saboda haka duk Asabar sai in je rumfarsa da hantsi, in karanta ƙarshen takarda, shi kuma ya rufe ido ya ce daga wannan gari kaza suka nufa, in nemo wadda ta fara da hakan. Haka muka mayar da jerin, muka kuma gano mazaunin yawancin guntayen, muka sa kowanne a 'yar takardarsa da alama. Guda shida har muka gama ba mu san inda suka fito ba. Ya bar ni na ɗauki hoton kowane shafi da wayata, a rumfarsa, yana zaune yana kallon hannuna. Na gode masa, don ban cancanci ko hakan ba.

Na daɗe ina ɗora laifin duka a kan mataimakin nan, kuma har yau in na tuna fara'arsa da kofin shayi raina na ɓaci. Amma da girma ya zo mini na gane cewa shi bai sani ba, ni kuwa na sani. A ɗakin nan ni kaɗai ce na san abin da takardun suke, na ji an ce za a gyara su, na bar kunya ta rufe mini baki. Tambaya ɗaya ce da ba za ta ɗauki minti guda ba. Tun daga lokacin, in aka ba ni amanar abu, ko wane ne ya ce zai taɓa shi sai na tambaye shi me zai yi, da me zai yi, kuma ina tsaye za a yi. Wasu na cewa na cika tsauri, ina jin su. Gara a ce mini marar kunya a ofis da in sake tsugunawa gaban dattijo ina ba shi haƙuri a kan abin da haƙuri ba zai mayar ba.